Wannan "have" ɗin ta ishe ni: yaushe ake sa ta, yaushe ake cire ta?

Ummin Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu Turanci ku agaza min, kaina ya kulle. Ni nas ce, ina shirin sake zana jarrabawar Turanci ta IELTS watan gobe. Hukumar ma'aikatan jinya ta Birtaniya 6.5 take so a ɓangaren rubutu, ni kuwa karon farko 6 na samu, rabin maki ya mayar da ni gida. Malamin da ke yi mana darasi da yamma ya ce kowa ya rubuto ɗan bayani kan aikinsa. Ga layi biyu daga cikin nawa:

"I am working in this hospital since 2019."
"I have finished my training in 2018."

Takarda ta dawo, duka biyun an zagaye su da jan biro. A na farko ya rubuta "have been working". A na biyu ya soke "have", ya bar "finished" ita kaɗai. Wato inda ban sa ba ya ce in sa, inda na sa ya ce in cire. Na tambaye shi dalili, ya ce in koma in haddace jadawalin nan na lokutan aikatau na Turanci (tenses) mai gida goma sha biyu. Wallahi tun ina aji biyu na sakandare na haddace shi, ko cikin barci aka tashe ni zan karanto shi. Amma in na zo rubutu sai in rasa gidan da zan shiga.

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Hajiya ba ke kaɗai ba ce. Bari Malam ya zo, nan fagensa ne.

Sarkin Gardama:
Ni dai ban ga laifin layin nan biyu ba. Akwai wanda zai karanta ya kasa gane tana aiki a asibiti tun 2019? Neman magana ne kawai irin na malaman Turanci.

Malam Mai Alli:
Wa alaikumus salam, 'yata. Malaminki ya gyara daidai, bayanin ne ya yi miki rowarsa. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina riƙe da alli, kuma kuskuren nan biyu na fi gani a takardun yaranmu. Ba rashin ƙoƙari ba ne. Hausa ce ke aiki a ƙarƙashin alƙalamin.

Duba nan. In kika ce "na ci abinci", kin faɗa min yaushe? Ba ki faɗa ba. Abin da kika faɗa kawai shi ne cin ya kammala. Ko ɗazu ne, ko jiya, ko bara, sai kin ƙara wata kalma. Har abin da bai faru ba ma muna faɗarsa haka: "gobe war haka na isa Kaduna." Haka "ina karatu": yanzu ma ina karatu, jiya da ya shigo ma ina karatu, "ina" ɗin ba ta motsa ba. Mu abin da aikatau ɗinmu ke kula da shi, aikin ya ƙare ne ko yana ci. Maganar yaushe, mun bar wa su jiya da gobe da bara.

Bature kuwa yana da wata tambaya da mu ba ma yi: lokacin da kike magana a kai, an rufe ƙofarsa ko har yanzu a buɗe take? Shekarar 2018 ta wuce, an rufe ta, an sa kwaɗo. Duk abin da kika ajiye a cikinta sai ya tafi da "finished", "went", "saw", babu "have". Amma "since 2019" zare ne da aka ɗauro daga can, bakinsa yana hannunki yau, ba a yanke ba. Irin wannan shi ne aikin "have". Shi ya sa "yesterday", "last week", "in 2018", "two days ago" ba sa zama inuwa ɗaya da "have" ko "has".

Ummin Hanifa:
Allah ya saka da alheri Baba. Na biyun ya shiga. Amma na farkon fa? Ai har yanzu ina aikin, ban bari ba. Me ya sa "I am working" ba ta isa ba?

Malam Mai Alli:
Saboda "I am working" ba ta waiwaye. Yanzu kawai take kallo. Ke kuma kin ɗora mata kayan shekaru da "since". Mu muna cewa "ina aiki a nan tun 2019" lafiya lau, don "tun" ta ɗauke nauyin. A Turanci dole aikatau ɗin kansa ya nuna ya taso daga baya ya iso yau: "have been working". Sannan ki kula, "since" da mafari take tafiya, "for" da tsawo. "Since 2019", amma "for six years".

Ɗan Maraɗi:
Anti, in faɗa miki abin dariya? Da Faransanci kika rubuta layin nan biyu, da kin cinye makinki cif. Mu a lakwal haka aka koya muna: "Je travaille ici depuis 2019", sak yadda kika yi, da lokaci mai ci. Sannan "J'ai fini ma formation en 2018", da "avoir" wadda ita ce "have" ɗinsu, ga kuma shekara a gefe, babu mai ce miki uffan. Shi ya sa mu 'yan Nijar in mun shiga ajin Ingilishi bugu biyu muke sha. Hausa ta ja mu, Faransanci ya ƙara tura mu rami guda. Na fi shekara ina cewa "I have seen him yesterday", mushenmu, wato malaminmu, yana kama kai.

Sarkin Gardama:
To kun gani! Faransawa sun yarda, Hausawa sun yarda, mutanen Ingila ne kaɗai suka ƙi. Kuma su ma ba bakinsu ɗaya ba. Ku saurari Amurkawa: "Did you eat yet?" "I already ate." Ina "have" ɗin a nan? A Landan kuma a ce "Have you eaten yet?" In masu abin ba su daidaita ba, don me za a matsa wa baiwar Allah da ke kwana a asibiti tana duba marasa lafiya? Kuma kada a manta, a Janairun 2020 ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Turancin Najeriya har 29, ciki da "okada" da "danfo" da "Kannywood" da "next tomorrow". Turancinmu ma Turanci ne.

Malam Mai Alli:
Sarki, rabin maganarka gaskiya ce. Amurkawa sukan ajiye "have" a inda mutumin Ingila zai sa, musamman tare da "already" da "yet" da "just". Amma ka lura da alkiblar sassaucin: suna cire ta ne. Ba za ka ji Ba'amurke ya cusa ta a gefen "yesterday" ba. Kuma shi ma "I have been working here since 2019" zai ce. Kurakuran 'yata guda biyu, daga Landan har New York jan biro za su sha. Batun ƙamus kuwa, kalmomi aka shigar, ba a sauya nahawu ba.

Sarkin Gardama:
Yau kalmomi, gobe nahawu. Muna nan.

Ummin Hanifa:
Yaya Sarki, kafin goben ta zo ni kuɗin jarrabawa nake biya, kuma ba kaɗan ba ne. In ka zama mai makin takarda ka sanar da ni in zo cibiyarka.

Baban Khalifa:
Hhhhh ta gama da kai.

Ni bari in ba ku nawa, ko da yake har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Na je ganawar neman aiki a wata ƙungiyar agaji. Cikin masu tambaya akwai wata Baturiya da wani dattijo ɗan Arewa. Aka zo maganar lokutan aiki, ina so in ce musu nakan yi salla sau biyar a rana, don haka zan riƙa ɗan fita da azahar da la'asar. Sai na gyara zama na ce, "I used to pray five times a day." Baturiyar ta ɗan sunkuyar da kai irin na tausayi, ta ce, "Oh. And now?" Na rasa me take nufi. Dattijon nan ya kalle ni ta saman tabarau ya ce da Hausa, "Yaro, ka ce mata ka daina salla." Wallahi gumi ya keto min har cikin takalmi.

Hajiya Mai Atamfa:
Innalillahi! Baban Khalifa ka kashe ni da dariya, yara suna tambayata lafiya. To ai ni ma haka nake faɗa. "I use to go to Kantin Kwari every Monday." Ba daidai ba ne?

Malam Mai Alli:
Hajiya, wannan ita ce "nakan" ɗinmu ke neman masauki a Turanci. Muna da lokaci sabau, nakan je, yakan zo, sukan yi. Yaro ya duba Turanci bai ga takwararta ba, sai ya kama "use to" ya ɗora mata. Alhali "used to" ma'anarta "da nakan yi, yanzu na bari". Abin da kike yi kullum, aikatau tsurarsa ya wadatar: "I go to Kantin Kwari every Monday." In kina son ƙarin gishiri ki sa "usually". Shi ke nan.

Hajiya Mai Atamfa:
Ashe shekara da shekaru ina sanar da masu kawo min kaya cewa na bar kasuwa.

'Yar Aji Uku:
Baba Malam ina da tambaya. An ce ba a haɗa "have" da lokacin da ya wuce. To "this morning" fa? Na ga an rubuta "I have seen him this morning", na kuma ga "I saw him this morning". Wanne ne kuskure?

Malam Mai Alli:
Babu kuskure a ciki, agogo za ki duba. In ƙarfe goma na safe kike magana, safiyar ba ta ƙare ba, "have seen" ta zauna. In bayan la'asar ne, safiya ta tafi, sai "saw".

Ga misalin da nake ba ɗalibai. Ranar 8 ga Satumba 2022 da Sarauniya Elizabeth ta rasu, kanun labarin BBC cewa ya yi "Queen Elizabeth II has died". Ba a ambaci lokaci ba, sabon labari ne da ya faɗo yanzu, nauyinsa yana kan mai sauraro. Amma sanarwar fadar Buckingham, wadda ta fito da ƙarfe shida da rabi na yamma agogon can, cewa ta yi "The Queen died peacefully at Balmoral this afternoon." Rasuwa ɗaya, yini ɗaya, siga biyu. Da aka faɗi wuri da lokaci, "has" ta janye. Ki saurari labaran Turanci ko na wace tasha, haka suke yi: su buɗe da "has", in sun shiga bayanin ina da yaushe su koma "died", "said", "arrived".

Har wa yau ran mutum ma ƙofa ce. "My uncle has visited many countries", mai ji zai ɗauka kawun naki yana raye, yana iya ƙara wata tafiyar. Amma Sardauna, da aka kashe a Janairun 1966, sai dai "visited".

Sarkin Gardama:
Wato yanzu "have" ce ke raba rayayye da matacce. Allah mai iko. To Malam, "My father has died since 2010" fa? Ga "since", ga "has", duk sharuɗɗanka sun cika. Kowa a ƙasar nan haka yake faɗa.

Malam Mai Alli:
Ka kawo mai kyau, kuma a nan ne "tun" take yaudararmu. Muna cewa "ya rasu tun 2010", "ya fita tun safe". Amma mutuwa ba aikin da ake ta yi ba ne daga 2010 zuwa yau, sau ɗaya ake yinta. "Since" tana son abin da ya miƙe. Don haka ko dai "He died in 2010", ko kuma ka kawo halin da ya ɗore, "He has been dead since 2010". Na fitar ma haka: "He left in the morning", ko "He has been out since morning".

Sarkin Gardama:
Doka a kan doka, kowace da ƙanwarta. Ni fa har yanzu ina kan bakana: wanda ya ce "has died since 2010" an gane shi, kuma an yi masa ta'aziyya.

Injiniya Ba Ofis:
Sarki, ana ganewa har ranar da ba a gane ba. Muna aikin hanya da wani injiniya baƙo, sabon zuwa. Muna tsaye muna duba zane, cikina ya murɗa, na ce masa "I'm coming", na juya na yi tafiyata. Ina zuwa, ka gane. Da na dawo bayan minti ashirin ya tare ni da fuska a murtuke: ka ce kana zuwa, ga ka a gabana, sannan ka tafi, wane irin zuwa ne wannan? Tun ranar na koyi "I'll be right back".

Ɗan Maraɗi:
Wannan "ina zuwa" ko a Faransancinmu tana nan. "J'arrive", mutum yana ba ka baya.

'Yar Aji Uku:
Tunda an zo nan bari in tona kaina. Ni "had" nake zubawa ko'ina in ina rubutun makaranta, don ji nake ta fi kama da Turancin manya. "I had gone to Zaria last week." "We had discussed it yesterday." Malamarmu ta rubuta min a gefen takarda, "had, had, had, who is chasing you?"

Malam Mai Alli:
Malamarki ta burge ni. "Had" ba ado ba ce, kuma ba ta nufin abu ya daɗe. Ba ta tafiya ita kaɗai: sai akwai abu biyu da suka wuce, kina son nuna wanda ya riga. "Riga" ɗin nan tamu ita ce mabuɗin. In jimlar Hausar ba ta karɓi "ya riga ya" ko "kafin nan" ba, to da wuya "had" ta samu wurin zama.

Ummin Hanifa, wannan ya shafe ki kai tsaye, tunda rahoto za ki riƙa rubutawa. Karanta waɗannan:

"When the doctor arrived, the patient had died."
"When the doctor arrived, the patient died."

Na farko, kafin likita ya iso mara lafiya ya riga ya cika. Na biyu, likita na isowa sai ya cika, a gabansa. In magana ta kai gaban kwamitin bincike, kalmar nan mai harafi uku ita za ta nuna wa ke tsaye a bakin gadon a lokacin. Sarki, a nan ma an gane?

Sarkin Gardama:
Wannan kam na ba ka. Amma guda ɗaya ce cikin goma.

Ummin Hanifa:
Subhanallah. Jikina ya yi sanyi, don na tabbata na taɓa rubuta irin na biyun ina nufin na farko. Allah ya rufa asiri babu wanda ya bi ta kai.

Tsohon Mai Maki:
Ina ta karatu ban sa baki ba. Na yi shekaru ina makin takardun Turanci na WAEC, bari in ƙara abu ɗaya da ban ga an taɓo ba. Abin da ya fi cinye wa yara maki ba "have" ba ce, tsalle ne. A ce yaro ya rubuta labari na kalma 450. Zai fara da kyau: "Last year I travelled to my village." Layi uku a gaba: "I am eating when my uncle came in and he tell me..." Ya koma gida ke nan, yana ba da labari yadda muke bayarwa, "ina cin abinci sai kawu ya shigo". Mu da zarar mun kafa "bara" a farkon zance mun gama, ba ma sake taɓa aikatau. Turanci kuwa kowane aikatau sai ya sa rigar lokacin, ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen labari: "was eating", "came", "told". Kowane kuskure rabin maki ne, kuma makin ɓangaren kiyaye ƙa'idojin rubutu goma ne kacal. Na sha ganin takardar da labarinta ya yi daɗi, amma kafin a kai tsakiyar shafi goman nan ta ƙare.

Dabarar da nake ba yara: in ka gama, kada ka sake karanta labarin don daɗinsa. Bi da bakin biro kan aikatau kaɗai, kana tambayar kowanne, kai a wace rana kake?

Ummin Hanifa:
Na gode ƙwarai Baba. Na sake rubuta sakin layin gaba ɗaya, don Allah a duba min:

"I finished my training in 2018. I have been working in this hospital since 2019, and I have assisted in many deliveries. Before I joined the maternity ward, I had spent one year in the children's ward. When I will arrive in the UK, I hope to continue in the same field."

Baban Khalifa:
Kai, Hajiya ta zama Baturiya cikin awa biyu.

Ɗan Maraɗi:
Saura ƙiris Anti. Layin ƙarshe irin namu ne kuma. "Quand j'arriverai", Faransanci ke sa lokaci mai zuwa bayan "quand". Ingilishi ba ya yarda da "will" a nan. Ni wannan da bulala na koye shi.

Malam Mai Alli:
Ɗan Maraɗi ya riga ni. "When I arrive in the UK." Bayan "when", "if", "before", "after", "as soon as", in ana maganar abin da ke tafe, ba a sa "will" a wannan ɓangaren, sai a ɗaya ɓangaren: "When I arrive, I will call you." Abin sha'awa, harsuna uku kowa da hanyarsa. Bafaranshe ya ce in zan isa. Bature ya ce in ina isa, ko kusa da haka. Mu kuma mu ce "idan na isa", da sigar abin da ya riga ya faru, alhali ko jirgi ba a hau ba. Sauran jimlolin uku ban da abin cewa, "had spent" ɗin nan ta zauna daram a gidanta.

Sarkin Gardama:
To Malam, "I don't know when he will come" fa? Ga "when", ga "will", kuma na tabbata daidai ne.

Malam Mai Alli:
Daidai ne. Waccan "when" ɗin "idan" ce, wannan kuma "yaushe" ce. Mayar da ita Hausa ka ji: ban san yaushe zai zo ba. In ta fassaru da "yaushe", "will" tana da izinin zama.

Sarkin Gardama:
Ka ga dai da Hausar ka warware ta. Ashe maganata ce.

Malam Mai Alli:
Ba maganarka ba ce, amma dare ya yi, na bar maka.

Ummin Hanifa:
Na gyara, Allah ya ƙara girma Baba, ya jiƙan mahaifa. Ni ma zan sauka, aikin dare nake kuma an kawo mai naƙuda. Gobe in Allah ya kai mu zan turo wani sakin layin, wanda ake bayanin jadawali da alƙaluma, don can ma jan biro ya yi ɓarna.

Hajiya Mai Atamfa:
Allah ya sauke ta lafiya. Malam kafin ka kwanta, "I am having three shops" fa? Don yarona ya ce wai shi ma ba daidai ba ne, na ce ya rufe min baki.